Ƙananan jarumai, babbar gardama: Abin da musun finafinan Marvel a Kano ke tonowa

A ranar 26 ga Maris na 2025, kamfanin Marvel ya shafe sama da awa biyar yana nuna kujeru kai tsaye a intanet. Babu faɗa, babu magana. A ajiye kujera mai ɗauke da sunan ɗan wasa, a jira minti goma da wani abu, a ƙaro wata. Da aka kammala, sunaye 27 ne suka jeru, na waɗanda za su fito a fim ɗin Avengers: Doomsday, wanda aka tsara fitarwa ranar 18 ga Disamban 2026.

Kujerar Robert Downey Jr. ce ta ƙarshe, kuma kowa ya san da zuwanta. Inda aka yi ta kai ruwa rana shi ne kan sauran. Ba a ga sunan Tom Holland mai fitowa a Spider-Man ba, ba a ga na Mark Ruffalo mai fitowa a Hulk ba, amma ga kujerar Lewis Pullman da ta Danny Ramirez da ta Hannah John-Kamen, 'yar Birtaniya wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne. Mutane da dama sai da suka bincika kafin su gane ko su wane ne.

Wannan gardama ta wa ya cancanci kujera a tawaga ba ta tsaya a Amurka ba. Ana yin ta a teburin mai shayi da shagon cajin waya a Rijiyar Zaki, mazaɓar da ke ƙaramar hukumar Ungogo a kan titin Gwarzo, inda gidaje ke ta cinye gonakin gero da dawa shekara bayan shekara. Sai dai yadda ake yin ta a nan ya sha bamban da na can.

Akta, bos da abokin akta

Mai son waɗannan jarumai a Amurka yana musu ne da hujjar takarda. Tawagar Justice League ta kamfanin DC ta fara fitowa a mujallar zane a 1960, Avengers da X-Men na Marvel kuma a 1963. Ke nan akwai labaran sama da shekara 60 da mutum zai iya janyowa ya kare gwaninsa.

Matashin Kano kuwa ba kasafai ya taɓa riƙe mujallar a hannu ba. Ya san jaruman ne ta fim ɗin da aka tura masa a memori a shagon tura finafinai, ko ta gajerun bidiyo a TikTok, ko ta bakin masu fassara da masu ba da labarin fim da Hausa. Ma'aunin da yake auna su da shi kuwa tsohon ma'auni ne da finafinan Indiya da na China suka bar wa Kano tun zamanin gidajen sinima: akwai akta, akwai bos, akwai abokin akta. Kowa ya san akta ba ya mutuwa. Abokin akta ne ake kashewa don ran akta ya ɓaci ya tashi ɗaukar fansa.

Fim ɗin tawaga yana rikita wannan lissafi, domin aktoci shida ko goma ne a wuri guda. Dole mai kallo ya zauna ya raba musu matsayi da kansa, kuma daga nan ake rabuwa gida biyu.

Ɓangare na farko ƙarfi yake bi. A wurinsu tambayar ita ce wa zai doke wa, Thor ko Hulk, kuma duk wanda ba ya iya ɗaga gini cikon benci ne. Hawkeye ne ya fi shan zolaya a hannunsu: me mai kwari da baka yake nema a fagen da ake jifa da tsawa?

Ɓangare na biyu suna kallon wanda aka tauye. Su ne za su tuna maka cewa a fim ɗin Avengers: Age of Ultron na 2015, lokacin da manyan suka sha kashi suka rasa wurin fakewa, gidan gonar Hawkeye suka nufa, inda matarsa da 'ya'yansa suke. Shi kaɗai ne a cikinsu yake da gona da iyalin da ke jiran ya dawo, kuma harsashi ɗaya ya isa ya kashe shi. A ganinsu wanda ya shiga yaƙi a haka ya fi wanda takobi ba ya kama shi jarumta.

Ba abin mamaki ba ne wannan hujja ta yi tasiri a wurin da iyaye da kakanni suka san gayya. A ranar gayya sunan sarkin noma ake kira, shi makaɗa ke wasawa. Amma duk wanda ya taɓa riƙe garma ya san in mai ganga ya yi shiru, ko mai kawo ruwa da fura ya makara, kunya ba za ta kai ƙarshe ba.

'Yan benci ne suka sha ceto kamfanin

Tarihi ya fi goyon bayan ɓangare na biyu, ko da ba su sani ba.

A 1965, a fitowa ta 16 ta mujallar Avengers, an sallami manyan da suka kafa tawagar, aka bar Captain America da mutum uku da a baya miyagu ne a labarin: Hawkeye da Quicksilver da Scarlet Witch. Mujallar ba ta mutu ba. Scarlet Witch ɗin ce bayan shekara 56 aka gina shirin WandaVision a kanta.

Labarin X-Men ya fi wannan. Kasuwarsu ta faɗi har aka daina rubuta sababbin labarai a 1970, aka koma maimaita tsofaffi. A 1975 aka sake kafa tawagar da baƙin fuskoki daga ƙasashe daban-daban: Storm mai tushe a Kenya, Nightcrawler daga Jamus, Colossus daga Rasha, da wani gajere mai faratan ƙarfe daga Kanada wanda shekara guda kafin nan ya leƙo a mujallar Hulk a matsayin abokin faɗa kawai. Shi ne Wolverine.

Haka ma a fim. A shekarun da Marvel yake fama da bashi, har ya durƙushe a 1996, haƙƙin yin fim da manyan jarumansa ya koma hannun wasu, Spider-Man a wurin Sony, X-Men a wurin Fox. Da abin da ya rage aka fara, wato Iron Man a 2008, jarumin da a lokacin ba a lissafa shi a sahun gaba. Shekara guda bayan haka Disney ya sayi kamfanin kan kusan dala biliyan huɗu. A 2014 kuma aka fitar da Guardians of the Galaxy, tawagar da ke da bishiya mai magana da wata 'yar dabba mai riƙe da bindiga, waɗanda ko a Amurka ba kowa ya san su ba. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 770.

Dalilin a fili yake. Babban jarumi kadara ce da kamfani ke tsaro, marubuci ba shi da ikon sauya masa hali ko ya kashe shi ya bar shi a mace. Ƙaramin ɗan tawaga kuwa fili ne da ba a gine ba. Ana iya ba shi aure, a ba shi bashi, a ba shi tsoro, a sa ya tuba ko ya lalace.

Amma dabarar ba kullum take ci ba. A watan Mayun 2025 Marvel ya sake gwada ta da Thunderbolts, tawagar waɗanda aka yar a wasu finafinai. Masu sharhi sun yaba, 'yan kallo da suka je sun yaba, amma abin da ya tara a duniya bai kai dala miliyan 400 ba, alhali rahotanni sun ce an kashe kusan miliyan 180 wajen shirya shi, ban da kuɗin talla. Kwanaki kaɗan da fitowarsa kamfanin ya sauya allunan talla ya koma kiran su The New Avengers, alamar cewa shi kansa ya san sunan da ke sayar da tikiti.

Bambancin Guardians da Thunderbolts shi ne na farko bai bukaci ka san komai ba kafin ka zauna. Na biyu kuwa sai ka kalli Ant-Man and the Wasp na 2018 da Black Widow na 2021 da wani shiri mai dogon zango na Disney+ kafin ka san wa ke jin haushin wa. Ga mai kallo a Kano wannan jinga ce. Lokacin da aka kawo Disney+ nahiyar nan a 2022, Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin Afirka aka kai ta, ban da Najeriya. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Wanda yake lissafin megabayit ba zai sauke awa goma na shiri don ya fahimci fim ɗin awa biyu ba.

Wa ake fara kashewa?

Akwai ƙorafi guda da masu kallo baƙaƙen fata suka daɗe suna yi, kuma matasan Kano sun gano shi da kansu ba tare da an karanta musu ba: in tawaga za ta yi asarar mutum, an san wanda ake fara miƙawa.

A tawagar X-Men ta 1975 da aka ambata, wanda aka fara kashewa, cikin 'yan watanni, shi ne Thunderbird, ɗan ƙabilar Apache. A fim ɗin X-Men: First Class na 2011 akwai Darwin, baƙar fata, wanda baiwarsa ita ce jikinsa yana sauyawa ya jure duk abin da zai halaka shi. In ya shiga ruwa ya yi numfashin kifi, in aka doke shi ya zama dutse. Shi aka fara kashewa a cikin matasan tawagar. Mutumin da aka ce ba ya mutuwa bai kai ƙarshen fim ba.

Edi Gathegi, haifaffen Nairobi, shi ya fito a Darwin. Bayan shekara 14, a Yulin 2025, ya dawo a fim ɗin Superman a matsayin Mister Terrific, jarumin da sai wanda ya nutse a mujallun DC ya san shi. Ba ya tashi da ƙarfin jikinsa, ba ya fitar da wuta daga ido, ƙwaƙwalwa ce da na'urori. Da aka fito daga kallo, sunansa na cikin waɗanda aka fi ambata, wasu ma suka ce ya ƙwace fim ɗin daga hannun mai shi.

To, ina Bahaushe a tawagar?

Nan ne musun ya daina zama na raha.

Najeriya tana da wakilci a duniyar Marvel, amma a can ƙarshen benci. Akwai Idie Okonkwo, yarinya daga jihar Delta da ta shiga labaran X-Men a 2010, mai sarrafa zafi da sanyi, wadda aka gabatar da ita a matsayin wadda mutanen garinsu suka ɗauka mayya ce. Akwai Ngozi, wadda marubuciya Nnedi Okorafor ta ƙirƙira a 2017 a wani gajeren labari da ke faruwa a Legas, ta kuma ce 'yan matan Chibok na cikin abin da ya zaburar da ita.

Arewa kuwa, fitowarta da aka fi tunawa ita ce ta farkon fim ɗin Black Panther na 2018. Wurin dajin Sambisa ne, da dare, ga ayarin motoci cike da 'yan matan da aka sace, ga 'yan bindiga. Kalmar da kunnen Bahaushe ya kama a wurin ita ce "wallahi", daga bakin mai riƙe da bindiga. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.3, ma'ana wannan ne hoton arewacin Najeriya da miliyoyin mutane suka tafi da shi gida. Ba ƙarya aka yi ba, abin ya faru. Amma a fim ɗin da aka shirya don nuna Afirka mai ɗaukaka, rabon Arewa shi ne waɗanda ake ceta da waɗanda ake duka.

A cikin gida ma labarin bai sauya sosai ba. Kamfanin Comic Republic da Jide Martin ya kafa a Legas a 2013 yana da tawagarsa mai suna Vanguards, wadda ake yi wa laƙabi da Avengers ɗin Afirka, kuma a 2023 ya ƙulla yarjejeniya da wani reshe na Universal don mayar da labaran shirin talabijin. In ban da ɗaiɗaiku, sunaye da al'adun da aka gina jarumansa a kai na kudu ne: Guardian Prime, Ireti, Avonome, Eru. Babu laifi a nan, kowa abin da ya sani yake zanawa.

Abin da ya kamata ya tsaya wa mai zane na Kano a rai shi ne Malika. Roye Okupe, haifaffen Legas mai kamfanin YouNeek, ya fitar da labarinta a 2017: sarauniya mayaƙiya a wata daula mai suna Azzaz a ƙarni na 15. Ko ba a faɗa ba an san Amina ta Zazzau ce tushen. Ya yi aikinsa da kyau, har kamfanin Dark Horse na Amurka ya karɓi buga littattafansa a 2021. A shekarar ce kuma fim ɗin Amina na Izu Ojukwu ya hau Netflix, 'yan Arewa suka yi ta ƙorafin harshe da sutura da tarihi. Ƙorafin yana da tushe. Sai dai har yanzu masu ƙorafin ba su ajiye nasu a gefe ba don a kwatanta.

Darasin Kuwait

Masu cewa addini ne ya hana suna da abin nunawa. A 2006 wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Kuwait, Naif Al-Mutawa, ya fara fitar da mujallar The 99, tawagar matasa daga ƙasashe daban-daban, kowanne da baiwa guda da aka danganta da ɗaya daga cikin kyawawan siffofi, irin su Jabbar daga Saudiyya da Noora daga Daular Larabawa. Tsarin ya dogara ne kan cewa babu wanda ya isa shi kaɗai, sai an haɗa uku-uku. A 2010 Shugaba Barack Obama ya yabe shi a bainar jama'a, kuma a shekarar aka haɗa su da Justice League a labari guda.

A 2014 manyan malaman Saudiyya suka ba da fatawar haramta shirin, bisa hujjar cewa sunayen Allah ba abin da za a jingina wa zanen mutum ba ne. An kai Al-Mutawa kotu a ƙasarsa, daga baya aka wanke shi, amma kasuwar ta riga ta karye. A Amurka kuma masu ra'ayin riƙau suna zarginsa da cusa wa yara Musulunci. Ya sha daga gaba, ya sha daga baya.

Duk mai zane a Kano zai yi wannan lissafin, ga kuma Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i da ke aiki tun 2001. Amma abin da ya kayar da The 99 takamaimai ne, wato taɓa sunayen Ubangiji. Bai nuna cewa Musulmi ba sa karɓar labarin sadaukai ba. Kano ce ta cinye littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini da takwarorinsa, masu cike da sadaukai da aljanu da takubban sihiri, da bangon da aka zana da hannu. Kafin su an karanta Gandoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a makarantu. Kuma duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san Alhaji ne mai labarin, amma Malam Zurƙe ake tunawa.

Cikas na gaskiya ya fi kama da na kuɗi. Marubucin littafin yaƙi shi kaɗai yake zama da biro ko waya ya gama. Mujallar zane mai shafi 20 tana son marubuci da mai zane da mai launi, da makonni na aiki, kafin a zo maganar takardar da tsadarta ta riga ta kori littattafan Hausa da yawa daga kasuwa zuwa WhatsApp. Masu hannu dai akwai su. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yaye masu zane, kuma wanda ya tsaya ya kalli zakuna da dawakin da ke jikin manyan motoci a tasha ya san ba a rasa gwanaye ba.

Tawagar da ke kwance a Tarihin Kano

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne jerin sunayen ma a rubuce yake. Kundin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, aka kuma fitar da shi da Hausa a farkon shekarun 1930 a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, ya buɗe ne da tawaga.

Kowane ɗan firamare a Kano ya san Barbushe na Dutsen Dala, ƙaton maharbin da aka ce yana kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka. Shi ne akta. Waɗanda ba a koyarwa su ne na kewaye da shi. Akwai Gagiwa, wanda aka ce da igiya yake kama giwa. Akwai Gijigiji maƙeri, da Hamburki mai maganin kowace cuta, da Ɗanbuntuniya mai gadin gari da dare, da Jandodo shugaban makaɗa, da Maguji mai haƙo tama ya narka ta, da Bakonyaƙi gwanin baka, da Awar mai gishiri kuma sarkin ruwa. Mai ƙarfi, mai ƙira, likita, ɗan sintiri, maharbi, mai ruwa. Marubutan Marvel albashi ake biyan su don su zauna su ƙago irin wannan rabon aiki.

Za a ce ai waɗannan masu bautar Tsumburbura ne, kuma haka ne. Wanda zai taɓa su sai ya san yadda zai ba da labarin mutanen da suka rayu kafin zuwan Musulunci ba tare da ya ɗaukaka abin bautarsu ba, aikin da malaman da suka rubuta kundin da kansu suka yi tun sama da shekara ɗari. Wanda kuma bai natsu da hakan ba, kundin ya ajiye masa wata tawagar a zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14: Wangarawan da suka zo daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, aka raba musu aiki, wannan alƙali, wannan liman, wannan ladan, wannan mai yanka. Sunan ɗaya daga cikinsu, Mandawari, yana nan a kan unguwa a cikin birni, mutane na ratsa ta kullum a adaidaita sahu.

Waɗannan sunaye ba mallakin kowane kamfani ba ne, babu lauyan da zai aiko da takarda. Hakan kuma yana nufin duk wanda ya riga zana su, daga Legas yake ko daga Landan, fuskar da ya ba su ita yara za su sani, kamar yadda ta faru da Amina.

Cikin mutanen Barbushe akwai Gambarjado, wanda kundin ya ce a Fanisau yake zaune. Fanisau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ungogo, wadda Rijiyar Zaki ke ciki. Abin da aka rubuta a kansa bai wuce sunansa da na mahaifinsa, Nisau, da garin da ya zauna ba. Wolverine ma, ranar da ya fara bayyana a 1974, zane guda aka ba shi a shafin ƙarshe na mujallar wani.